Tarihin Rumfar Makaɗa Ta Lambun Vauxhall

A zamanin da muke aji an koya mana tarihin Ingila ta fuskar sarakuna da yaƙe-yaƙe. A wannan fitowa ina so in kawo mana tarihin wata rumfa ce kawai, wadda makaɗa suka yi fiye da shekara ɗari suna hawa a wani lambun shaƙatawa na birnin Landan.

Lambun yana unguwar Vauxhall ne, a kudancin kogin Tems. Tun wajen 1661 mutane ke zuwa shan iska a cikinsa, amma bai yi suna ba sai da wani ɗan kasuwa mai suna Jonathan Tyers ya karɓi hayarsa, ya gyara shi, ya yi bikin buɗewa a 1732. Yarima Frederick, ɗan Sarki George na Biyu, yana cikin waɗanda suka halarta. Kafin a buɗe gadar Westminster a 1750, yawancin masu zuwa da kwale-kwale suke tsallako kogi.

A 1735 Tyers ya gina rumfar makaɗa a tsakiyar itatuwan lambun. Gini ne mai hawa, buɗe ga iska, makaɗa suna sama jama'a suna ƙasa. Wannan tsari ya yi amfani biyu: sauti yana kaiwa nesa, kuma 'yan kallo ba sa kutsawa cikin makaɗa su dame su. Daga baya aka ƙara babban abin kiɗan nan na coci da ake kira ogan, a 1745 kuma aka fara hawar da mawaƙa, shekarar da aka ɗauki Thomas Arne ya riƙa tsara wa lambun waƙoƙi.

To, a nan ne muhimmancin rumfar yake. A wancan zamani kiɗa irin na ƙwararru sai a fada, ko coci, ko gidan wasan da kuɗin shigarsa ya fi ƙarfin yawancin mutane. Amma a Vauxhall sule ɗaya ne kuɗin ƙofa, ba a tambayar asalin kowa. Duk wanda ya biya, basarake ne ko mai kanti, zai tsaya a gindin rumfa ɗaya ya ji kiɗa ɗaya, ƙarƙashin dubban fitilun mai da ake kunnawa da magariba. Gaskiya ne sule ba ƙaramin kuɗi ba ne ga lebura a lokacin, amma duk da haka ƙofa ta buɗe wa mutane da yawa da a da ba su da rabo.

Makaɗin da sunansa ya fi haɗuwa da wurin shi ne George Frideric Handel, Bajamushen da ya zauna a Landan. A 1738 Tyers ya sa aka sassaƙa mutum-mutuminsa da farin dutse aka kafa a lambun, alhali yana raye. Ranar 21 ga Afrilu, 1749, a Vauxhall aka yi gwajin kiɗan da ya tsara don wasan wutar da Sarki ya shirya na murnar sulhun 1748. An ɗaga kuɗin ƙofa zuwa sule biyu da sisi, amma jaridun lokacin suka ce mutum fiye da 12,000 suka zo, har kekunan doki suka cushe gadar Landan na tsawon awa uku.

A 1758 aka maye gurbin rumfar farko da wata sabuwa mai ado, wadda ita ce ta tsaya har ƙarshe. Tyers ya rasu a 1767, iyalinsa suka ci gaba da riƙon wurin. Sannu a hankali sha'awar jama'a ta koma ga wasan wuta, da masu tafiya a kan igiya, da balan-balan mai ɗaukar mutane. A 1836 ma Charles Green ya tashi daga lambun cikin balan-balan bai sauka ba sai a ƙasar Jamus. Rumfa tana nan, amma ta daina zama abin da ake zuwa dominsa.

Daga nan sai abubuwa suka taru wa lambun. Masu shi suka karye a 1840. Gari ya kewaye shi, layin dogo ya ratsa ta gefensa, jirgin ƙasa kuma ya sauƙaƙa wa mutane zuwa bakin teku hutu. A watan Yuli na 1859 aka yi daren ƙarshe, aka yi gwanjon kayan wurin, aka yanka filin aka gina gidaje da coci.

Yau wani ɓangare na filin ya sake zama ɗan ƙaramin wurin shan iska mai ɗauke da tsohon sunan, mutum-mutumin Handel kuma yana gidan tarihi na Victoria da Albert. Ita kuwa rumfar ko tubali ɗaya bai rage a wurin ba. Abin da ya sa muka san siffarta shi ne zane-zane da rubuce-rubucen waɗanda suka tsaya a gindinta. Da ba su ajiye ba, da ta tafi har da labarinta.