Baƙon Cikin Katanga: Abin da Wani Tsohon Gida Ya Ɓoye a Choggu



Bayan damina ta ɗauke a bara, wasu magada a nan Choggu suka yanke shawarar rushe ɗakunan ƙasa da kakansu ya bari, su tayar da na bulo da siminti, kamar yadda ake yi a ko'ina cikin Tamale yanzu. Ruwa ya riga ya cinye gindin katangar gabas, gara kuma ta gama da itacen rufi. Da hantsin kwana na biyu sai ga yaro da gudu a ƙofar dattijon da nake yi wa hidimar rubutu, ya ce leburori sun ajiye diga sun ja gefe, sun rantse ba za su sake taɓa katangar ba sai manya sun zo sun gani. Dattijo ya ce in ɗauko littafina in biyo shi.

Abin da diga ta buɗe wani alkuki ne da aka toshe da laka, aka yaɓe shi har ya saje da bango. A ciki akwai 'yar tukunya da aka rufe da sakaina, cike da wuri da tsofaffin kwabbai, sai gafakar fata da ta bushe ta ƙandare, da takardu a cikinta. A saman ƙofar ɗakin kuma an ciro laya guda, naɗe da zare. Nan take gardama ta kaure. Wani saurayi cikin magadan ya ce sammu ne, a kawo fetur a ƙone tun kafin ya taɓa wani. Ɗan uwansa ya ce a dakata a ji ko akwai mai saye. Dattijo ya saurare su duka, sannan ya dubi na farkon ya ce, "Ɗana, idan baƙo ya yi sallama, akan tambaye shi daga ina yake kafin a sallame shi. Wannan baƙon kuwa ya riga mahaifinka kwana a gidan nan." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba." Aka shimfiɗa tabarma a inuwa, muka zauna muka tambayi baƙon.

Wuri muka fara dubawa. Yaran yau sun san shi a wuyan 'yan rawa ko a hannun masu duba, shi ya sa ganinsa ke tayar musu da hankali. Alhali kuɗi ne, kuɗin da kakanninmu suka yi ciniki da shi ɗaruruwan shekaru. Daga tsibiran Maldif na Tekun Indiya ake samo mafi yawansa, ya shigo ƙasashenmu ta Sahara, daga baya jiragen Turawa suka riƙa sauke shi a gaɓar teku. Har yau muna ambatonsa ba mu sani ba, domin sunan sidi, kuɗin da Gana ta fito da shi a 1965, daga kalmar Akan ta wuri aka ɗauko shi. Kasuwannin arewa kuwa sun daɗe suna karɓarsa bayan shigowar kuɗin Turawa. Wanda ya tara wuri a tukunya ya ɓoye, ajiya ya yi, irin wadda mu muke kaiwa banki.

Kwabban kuma sun fi wuri iya magana, tun da suna ɗauke da shekara. Masu huji ne a tsakiya, da tauraro mai tsini shida a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kambin sarauta da sunan Sarkin Ingila, har da ƙimar kuɗin a rubutun Larabci saboda irinmu da suka fi sanin alif da ba. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta bai ɗaya domin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, saboda haka kwabo da anini da sisi da sulen da ake kashewa a kasuwar Kurmi ta Kano su ne ake kashewa a kasuwar Tamale, har zuwa 1958 da Gana ta buga fam nata. Kwabo mafi ƙarancin shekaru a tukunyar na 1936 ne, da sunan Edward na Takwas, sarkin da bai cika shekara a kan gado ba ya yi murabus. A Ingila kanta ba a kai ga sakin kuɗi da sunansa ba, amma ga shi a katangar laka a Choggu. Wannan kwabo ya ba mu iyaka: ba a toshe alkukin ba sai a 1936 ko bayanta.

Gafakar ce ta ɗauke mu har la'asar. Akwai ganyayyakin littattafan da kowane almajiri ya sani, na fiƙihu da na yabon Annabi (SAW), da rubutun Magaribi irin wanda muka koya a allo. Da muka ɗaga wasu a hasken rana sai alamar jinjirin wata uku ta bayyana a jikin takardar. Irin wannan takarda a arewacin Italiya ake yin ta, ta bi ta Masar da Tarabulus, ta ratso Sahara a bayan raƙumi zuwa Kano da Katsina, kafin ta faɗa jakar wani malami ko falke mai nufin Gwanja. Akwai wasiƙa guda, gaisuwarta da Larabci, sauran da ajamin Hausa, tana tunatar da bashin goro da aka ƙidaya ƙwarya-ƙwarya. Sai takarda ta ƙarshe, wadda ta sa wurin ya yi tsit: jerin haihuwar 'ya'yan gidan. Layin farko ya ce an haifi wane a Yendi cikin shekarar 1331 ta Hijira, wato wajen 1913. Layukan ƙasa, da wata tawadar daban, suka ce a Tamale. Saurayin da ya nemi fetur ya ji an karanta sunan kakansa, wanda shi aka raɗa masa.

Mai karatu ya lura, wannan 'yar takarda ta taƙaita tarihin zamanmu a ƙasar nan. Goro ne ya fara jawo Hausawa yamma. Ayarin fatake, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan taso daga Kano ƙarƙashin madugu, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su biyo ta Sansanin Mango da Yendi su sauka Salaga, da kanwa da tufafi da fatu, su koma da goron dajin Asante. Wasu suka zauna, suka yi aure, suka buɗe makarantu. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi, ikon Asante a kan Salaga ya yi rauni, hanyar goro ta fara karkata. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga ɗungurungum, mutanenta suka watsu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo da sauran garuruwa. Cikin waɗanda suka fita har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zama limamin Kete Krachi ya rasu a can a 1934, ya kuma bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da Larabci da Hausa a kan abin da idonsa ya gani. Da Turawa suka mayar da hedikwatar Yankunan Arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, kasuwa ta bi mulki, 'yan kasuwa da malamai suka bi kasuwa, Dagwamba masu ƙasa kuma suka ba su masauki. Daga Yendi zuwa Tamale da aka rubuta a takardar nan, sawun wannan ƙaura ce.

To, me ya sa aka zaɓi katanga? Dalili na farko gobara. Gidajen da rufin ciyawa ne, idan wuta ta tashi da hunturu ba ta barin akwati ko tufa, amma laka ba ta ci. Na biyu ɓarawo, domin abin da ido bai gani ba hannu ba ya kai masa. Na uku ladabi. An koya mana cewa takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a yar da ita a juji, idan ta tsufa sai a nema mata wuri mai tsarki inda ƙafa ba za ta taka ba. Akwai kuma dalili na huɗu, wanda iyayenmu suke faɗa da ƙaramar murya. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya gyara ko ya bar ƙasar. Zanguna suka girgiza. Mutane da yawa, har da waɗanda nan aka binne cibiyarsu, suka hau manyan motoci zuwa Nijeriya da Nijar da abin da hannu zai iya ɗauka, suka bar gida amana wurin maƙwabci da niyyar dawowa. Wasu sun dawo, wasu sai a Lahira. Duk mai rushe tsohon gida a zango ya tuna da wannan.

Kada a ɗauka ƙaramin abu ne don ya fito daga laka. A 1972, ana gyaran Babban Masallacin San'a na ƙasar Yaman bayan ruwa mai ƙarfi ya lalata katangarsa ta yamma, ma'aikata suka tarar da tarin tsofaffin fatu da takardu a wani lungu tsakanin rufi da silin. Ba su san darajarsu ba, suka cusa su a buhuna. Alƙali Isma'il al-Akwa, shugaban hukumar kayan tarihi ta ƙasar a lokacin, shi ya gane abin da aka samu ya nemi a adana. Da masana suka bincika sai ga dubban ganyayyakin Alƙur'ani, wasunsu na ƙarnin farko na Hijira, cikin mafi tsufa da duniya ta mallaka. Mutanen da suka ɓoye su, ladabin nan da muka ambata ne ya sa su. Da an bar buhunan ga ruwa da ɓera, da shi ke nan.

Ko a ƙasarmu akwai misali. A yaƙin Katamanso na 1826, kusa da Dodowa, inda aka karya rundunar Asante, wani ƙunshin takardun Larabci ya faɗa hannun mutanen Denmak, yana nan har yau a ɗakin karatu na sarauta a Kopanhagen. Mafi yawansa addu'o'i ne da hatimai irin na laya, amma a tsakaninsu an sami wasiƙun da Musulmin Kumasi suka yi musaya da 'yan uwansu na Gwanja da Dagomba da Mamprusi, waɗanda masana tarihi ke dogara da su. Haka kuma a farkon shekarun 1960, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, zamanin Thomas Hodgkin da Ivor Wilks, tare da Alhaji Usmanu Boyo wanda ya san gidajen malamai, ta bi gari-gari tana aron littattafai, ta ɗauki hotonsu ta mayar wa masu su. Ɗaruruwan rubuce-rubuce suka tsira ta haka, har da na Alhaji Umaru. Amma abin da ke cikin katanga a lokacin bai shiga wannan lissafi ba. Yanzu ne yake fitowa, a hannun lebura, rana tsaka, ba malami a kusa.

Na san maganar laya tana da nauyi a garin nan, malamanmu sun daɗe suna saɓani a kanta, ni kuwa ban kai in raba musu gardama ba. Abin da nake roƙo ya tsaya a kan tsari ne kawai. Ko Sayyidina Usmanu, Allah ya ƙara masa yarda, bai ba da umarnin ƙona sauran takardu ba sai bayan an tattara an kwafe. Wanda ya ga wajibi ne ya kawar da abin da ya samu, to ya bari a karanta tukuna. Layar gidan nan da aka warware a gaban malami, Ayatul Kursiyyu ce da addu'ar neman tsari daga wuta da ɓarawo. Babu sunan kowa a ciki, balle mugun nufi.

Saboda haka ga abin da dattijo ya umarce ni in isar ga jama'a, musamman magina da magada. Idan diga ta buɗe rami a tsohon bango, a tsayar da aiki a wurin. A ɗauki hoto da waya kafin a motsa komai. Kada a yayyafa wa takarda ruwa, kada a shanya ta a rana, kada a liƙe ta da salatif, kada a tilasta wa ganyayyakin da suka manne rabuwa. A naɗe su a tsabtataccen farin ƙyalle, a ajiye inda babu laima. Kada a goge kwabo da toka ko yashi don ya yi ƙyalli, shekararsa ake buƙata. A kira wanda ya iya karatun Warash da ajami tun muna da sauransu, a rubuta abin da ya karanta da boko, a raba wa 'yan uwa. Kuma a sani kayan na magada ne gaba ɗaya, bai halatta ɗayansu ya sayar a ɓoye ba.

Har yau akan tambayi ɗan zango daga ina ya zo, ko da kakan kakansa a nan ya kwanta. Ba mu da gidan tarihi, sunayen kakanninmu kuma ba su cika littattafan makaranta ba. Hujjarmu tana cikin gafaka da tukunya da bakin tsofaffi, ga shi tsofaffin suna tafiya, katangun kuma suna faɗuwa kowace damina. Magadan gidan nan sun gama gininsu. Saurayin nan da kansa ya kai takardar haihuwar aka ɗauki hotonta, ya tura wa danginsu na Kumasi da Accra, asalin kuma yana wurin babbar yayarsu a cikin akwati.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya haskaka makwancinsu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari. Amin.