Taswirar da Ke Koyar da Haƙƙin Ɗan Adam

Ranar 10 ga Disamba, 1948, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Kundin Haƙƙin Ɗan Adam. Ƙasashe takwas suka ƙaurace wa ƙuri'ar, ciki har da Afirka ta Kudu, inda a shekarar ce masu manufar wariyar launin fata suka hau mulki.

A kan ƙasa aka shata wannan wariya. Tun 1913 doka ta keɓe wa baƙar fata kimanin kashi 7 cikin 100 na filayen ƙasar, aka ƙara zuwa kashi 13 a 1936. Dokar 1950 kuma ta raba unguwannin birane bisa launi. A Fabrairun 1955 'yan sanda suka fara kwashe mazauna Sophiatown da ke Johannesburg zuwa Meadowlands, aka rushe unguwar, aka gina wa Turawa sabuwa, aka raɗa mata suna Triomf, wato nasara. A 1966 aka ayyana unguwar District Six ta Cape Town a matsayin ta Turawa zalla, aka kori mutum fiye da 60,000 zuwa bayan gari.

A manhajar ƙasar ta yau, tarihi da labarin ƙasa darasi ɗaya ne daga aji 4 zuwa aji 9. Ɗaliban aji 9 kan karanta kundin 1948, sannan su karanta rushewar Sophiatown. Hikimar haɗin a fili take. Yaro na iya haddace sashe na 13, mai ba kowa 'yancin zirga-zirga da zaɓen mazauni, ya amsa jarrabawa, ya manta. Amma in ya auna tazarar da ke tsakanin gidan kakarsa na dā da inda aka jibge ta, sashen ya zauna masa daram.

Gidan tarihin District Six, wanda aka buɗe a 1994, ya shimfiɗa taswirar unguwar a daɓe, tsofaffin mazauna suka rubuta sunayensu a inda gidajensu suke a dā. Ɗalibai kan taka titunan da aka share daga doron ƙasa.

Dokokin wariya sun faɗi, amma shatin da suka yi yana nan: har gobe talakan Cape Town na yin doguwar tafiya kafin ya isa wurin aiki. Yaron da bai san asalin wannan tazara ba zai ɗauka haka Allah ya yi garin. Wanda aka nuna wa taswira kuwa ya san mutane ne suka shata ta, da shekarar da suka yi, da dokar da suka fake da ita.