Daga Duba-gari Zuwa Sharar Asibiti

Riruwai garin kuza ne. A zamanin Turawa ma'adinin ya tara leburori daga ko'ina, kuma inda jama'a ta cunkushe a gefen ramukan haƙa masu tara ruwa, sauro da gudawa ba sa yin nisa. Irin wannan hali ne ya sa duba-gari ya yi suna a ƙasar Kano.

A 1932 aka buɗe Makarantar Koyon Tsafta ta Kano. Ɗalibanta suka bazu gundumomi da kakinsu, suna leƙa randa da masai da kwata da rumfar mahauta. Da an ce ga duba-gari nan, sai tsintsiya ta fito. Amma kwarjininsa na aro ne: hakimi da dagaci da mai unguwa suna bayansa, alƙali kuma yana jiran mai taurin kai da tara. Da ikon En'e ya ja baya, sai aikin ya yi sanyi.

Soja sun farfaɗo da shi da ƙarfin tsiya. A Kano aka ƙaddamar da zangon tsaftar muhalli na Yaƙi da Rashin Ɗa'a a 1985, kuma tsaftar ƙarshen wata ta zauna har yau.

Yanzu babban gwajin yana cikin asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 85 cikin ɗari na sharar asibiti ba ta da haɗari, kashi 15 ne abin tsoro. To amma idan aka cakuɗa, duka ta gurɓata. Rabewar kuwa a hannun nas da mai shara take: allura cikin akwatin kwali, auduga mai jini a bokitinta daban. Tara ba ta koyar da wannan. Ma'aikaci yana duban shugaban asibiti ne, ko yana zagaya ɗakuna da kansa, ko ya tanadi safar hannu, ko ya san sunan mai sharar. Haka kuma ma'aikacin yana jin kunyar kwamitin ci-gaban mazaɓa, domin a ƙaramin gari marar lafiya maƙwabci ne ko ɗan'uwa.

Lamarin bai tsaya a katangar asibiti ba. Abin da damina ta kwasa a Doguwa da Tudun Wada yana bin Kogin Kano ta dajin Falgore zuwa madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, daga nan ya wuce gonakin shinkafa da tumatir na Kadawa.