Daga Sakkwato zuwa Detroit: su wane ne ke cikin ƙungiyar Mdou Moctar?

1/ Zare 🧵 A ɗakin wani abokina ɗan Nijar na fara jin kiɗan Mdou Moctar. Na ce masa wannan ai na Turawa ne. Ya yi dariya ya ce in je in duba inda aka naɗi kundinsa na farko. Na duba. Sakkwato! Tun ranar nake bin tarihinsu. Ku biyo ni.

2/ Mu fara da asali. Kiɗan jitar Abzinawa ya girma ne a hannun samarin da fari da rashin aiki suka kora zuwa Aljeriya da Libiya. Ana ce musu ishumar, daga kalmar Faransanci ta marar aikin yi. Cikinsu Tinariwen suka fito. A kaset waƙoƙinsu suka riƙa yawo, hannu da hannu.

3/ A Nijar kuwa, babban malamin wannan salo shi ne Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, Allah ya jiƙansa. Wasansa ne wani yaro ɗan jihar Tawa ya kalla, ya koma gida da ƙudurin sai ya koya. Sunan yaron Mahamadou Souleymane. Shi ne Mdou Moctar.

4/ Gidansu na masu riƙo da addini ne, ba sa son ya zama makaɗi, irin dai abin da muka sani a gidajenmu. Ga shi babu kuɗin sayen jita. Sai ya samo katako da wayar birkin keke ya haɗa tasa. Kuma bahago ne, har yau da hagu yake kaɗawa.

5/ To ga inda muka shigo. A 2008 ya zo Sakkwato ya naɗi kundin Anar. Waƙa da Tamashek, amma kiɗan na situdiyonmu ne sak: ganga ta kwamfuta da muryar nan da na'ura ke lanƙwasawa, irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Wadda wasunmu ke rainawa ɗin nan fa.

6/ Ba kamfani, ba talla. Bluetooth da memori ne suka yi aikin. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka tsallaka har Mali da Muritaniya. A can yankin ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na Sahel Sounds, ya tsinci Tahoultine, ya saka ta a tarin Music from Saharan Cellphones.

7/ Na biyu shi ne Ahmoudou Madassane, mai jitar da ke riƙe kiɗa a ƙasa yayin da Mdou ke tashi sama. Ya daɗe tare da shi. Ya kuma yi wasa da Les Filles de Illighadad, ƙungiyar Fatou Seidi Ghali, kuma shi ne jarumin fim ɗin Zerzura.

8/ Na uku Souleymane Ibrahim, mai ganguna. In ka saurara da kyau, bugunsa ba na rok ɗin Amurka ba ne. Yana farawa a hankali, ya yi ta ƙara sauri har jiki ya ɗauka. Wannan tarbiyyar gidan biki ce: a Agadas, a wurin ɗaurin aure makaɗin jita ke cin abinci, in ba a yi rawa ba kuwa ya faɗi.

9/ Na huɗu Mikey Coltun, Ba'amurke, mai jitar bas, kuma shi ke haɗa musu sauti a situdiyo. Wani zai ce to shi ya kawo musu rok ɗin ke nan? A'a. Ƙarar da saurin suna nan tun a bukukuwan Agadas. Shi ma sai da ya je can ya yi kiɗan biki tare da su.

10/ Daga nan hanya ta buɗe. 2015, fim da harshen Tamashek wanda ya ɗauko fasalin Purple Rain na Prince. 2019, Ilana, a Detroit aka naɗa. 2021, Afrique Victime a kamfanin Matador. 2024, Funeral for Justice, inda suka caccaki Faransa kan abin da ta yi wa Nijar.

11/ Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya same su suna zagayen wasa a Amurka. Aka rufe iyakoki, ’yan Nijar ɗin uku suka maƙale a can na wani lokaci. A wannan zaman suka naɗi Tears of Injustice.

12/ Abin da ke damuna: Anar an yi shi a garinmu, da salonmu, amma sai da wani ya zo daga Amurka ya tattara kafin duniya ta ji. Waƙoƙi nawa ne irinsa suka mutu cikin memori da tsofaffin kwamfutocin situdiyon Kano, Sakkwato da Damagaram?

13/ Idan kana da tsohuwar waya a durowa, don Allah ka kwafe abin da ke ciki kafin ka yar. Ni ma yau zan kira kawuna, na san yana da guda biyu. Wanda ya san makaɗan biki na garinsu, ya ajiye mana sunansu a ƙasa.