Windows da Linux a kwamfuta ɗaya: yadda za su yi tarayya a ɗakin ajiya

Idan ka saya wa ɗanka laftof a Computer Village da ke Ikeja, ya tafi karatu Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Yelwa, Bauchi, wataƙila nan gaba ya ce zai ƙara Linux kusa da Windows saboda darasin rubuta manhaja. Hakan yana yiwuwa. Abin lura shi ne inda takardunsa za su zauna.

Faifan ajiyar kwamfuta kamar gida yake, ana yanka shi ɗaki-ɗaki, wato fatishin. Windows na tsara ɗakinta da NTFS, Linux kuma galibi da ext4. Windows ba ta karanta ext4 da kanta, amma Linux na karanta NTFS, tana kuma rubutu a ciki. Don haka sai a yi ɗaki uku: na Windows, na Linux, da na tarayya a tsarin NTFS, inda furojet da hotuna za su zauna.

Kada a zaɓi FAT32, domin ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4GB. Shi kuwa exFAT, duka biyun suna gane shi, sai dai ba ya riƙe rajistar aikin da yake cikin yi, saboda haka ya fi saurin lalacewa in kwamfuta ta mutu kwatsam. Kowa dai ya san halin wutar NEPA da tsohon batir.

Babban tarkon shi ne Fast Startup, wanda ya zo tun Windows 8 a 2012. Da shi, kwamfuta ba ta mutuwa gaba ɗaya, barci take yi tana riƙe da ɗakin. In aka shiga Linux, sai a ga ɗakin ya ƙi karɓar rubutu. In an tilasta masa, fayiloli na iya salwanta. A kashe shi a Power Options cikin Control Panel.

Kafin a taɓa komai, a kwafe takardu a filash, a adana mabuɗin BitLocker in yana kunne. A fara sa Windows, a rage ɗakinta da Disk Management, sannan Linux ta biyo. In ɗakin tarayya ya samu matsala, a koma Windows a gyara shi da chkdsk.

A tuna, in faifan ya mutu, duk ɗakunan uku sun tafi tare. Furojet ɗin shekarar ƙarshe, a ajiye kwafinsa a wani wuri daban.