Facin Tantin Fata a Ƙasar Abzinawa



A yawancin littattafanmu, idan Buzu ya fito, a bakin ƙofar Alhaji yake fitowa, da rawani da butar shayi. Ya buɗe wa mota, ya koma kan tabarmarsa, shi ke nan. Ba mu cika tambayar wane gida ya baro ba. Gidan nan tanti ne, kuma na mace ne.

Abzinawa, waɗanda ke kiran kansu Kel Tamajak, tanti iri biyu gare su. Na wajen duwatsun Abzin, kusa da Agadas, da tabarmin kaba suke rufe nasu. Na Azawak, arewa da Tawa har zuwa cikin Mali, da fata. Fatun awaki ko na tumaki ake tarawa, talatin, arba'in ko fiye, a jeme su da bagaruwa kamar yadda majemanmu ke yi, sannan mata su taru su harhaɗa. Idan ɗinki ya kammala sai a shafe shi da man shanu da jar ƙasa, don kada ruwa ya ratsa, kada rana ta busar da fatar ta tsage. Uwa ce da danginta ke haɗa wa amarya. Kalmar "ehan" a harshensu tana nufin tanti, da ita kuma ake zancen aure. Ran da auren ya mutu, matar ta naɗe tantinta ta ɗora wa jaki, mijin ya nemi wurin kwana.

To abin da ake kwancewa a ɗaure duk bayan 'yan kwanaki, ƙaya ta ja, iska ta fizga, dole ya yage. Faci kuwa ba a yi masa gaggawa. Za a yanko fata da ta fi ɓarakar faɗi, a tausasa ta da mai, a ɗora yadda bakinta zai hau kan lafiyayyen wuri. Sai a huda da basilla, a zura siririyar fata da aka yanka kamar zare, a bi a hankali. Idan hujin ya matse da juna, layin ɗinkin kansa ya zama sabuwar yagewa. Idan ya yi nisa, ruwa ya sami hanya. Shi ya sa tsohon tanti ba ya zama launi ɗaya: nan ja, can ya yi baƙi da hayaƙi, gefe guda sabuwar fatar ragon suna. A ganina marubucin da ya iya kwatanta wannan rufin ya gama ba mu labarin matar gidan.

Amma faci sai da fata, fata kuma sai da dabba. Farin 1973 da 1974 ya ƙarar da garke bayan garke, dubban makiyaya suka tare a sansanin Lazare da ke gefen Yamai. Kafin su gama farfaɗowa sai ga na 1984, wanda Hausawan Nijar suka laƙaba wa suna El-Buhari, saboda ya zo daidai lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin Najeriya. A shekarun nan ne maza da yawa suka gangaro Kano da Kaduna da Legas neman aikin gadi, wasu suka nufi Libiya da Aljeriya. Matan da aka bari ba su da akuyar yankawa, balle man shanun shafawa. Fatar da ba ta sha mai ba kuwa bushewa take, ta riƙa karyewa a duk inda aka ninka ta.

Abin da ya maye gurbi shi ne tamfol ɗin ƙungiyoyin agaji, da buhunan hatsi da aka farke aka haɗa. Ɗinkin bai mutu ba, kayan aikin ne suka sauya: allurar buhu, da zaren da aka zaro daga jikin buhun. Sai dai tamfol ba ya shan mai, rana na cin sa, kuma idan ya tsufa yakan yage daidai inda allura ta bi. Da rikicin arewacin Mali ya koro mutane zuwa Nijar a 2012, a sansanonin Abala da Mangaize, shi aka sake rabawa.