Guzuri da Mai Masauki: Tarihin Ɗaukar Nauyin Ɗaliban Ƙasar Katsina a Waje

Fita wata ƙasa neman ilimi tsohuwar al'ada ce a ƙasar Katsina, kuma garuruwan tsakiyarta, irin su Dutsin-Ma, mazaunin Yandakan Katsina, da Kurfi, mazaunin Maradin Katsina, ba a bar su a baya ba. Duk wanda ya fita yana da bukatar abu biyu, wato guzuri, abin da zai ci ya biya a hanya da inda ya sauka, da kuma wanda zai tsaya masa idan magana ta kai gaban hukuma a garin da ba shi da dangi. A zamanin da waɗannan biyun a hannu ɗaya suke, kuma rabuwarsu ce tushen yawancin wahalar da ɗalibin yau yake sha.

Kafin zuwan Turawa almajiri mai nufin gabas yakan shiga ayarin mahajjata ƙarƙashin madugu, wato shugaban tafiya, ya bi ta Borno da Wadai da Darfur har bakin kogin Nilu, tafiyar da takan ɗauki shekaru saboda yana yi yana tsayawa ya koyar da yara, ko ya rubuta littafi da hannu ya sayar, ko ya yi ɗinki, domin ya sabunta guzurinsa. A kowane zango akwai mai masauki, wanda fatake ke kira fatoma, kuma aikinsa bai tsaya ga ba da ɗaki da abinci ba, domin shi ke shaidar baƙo a kasuwa, shi ke lamunce masa bashi, shi ne kuma ke raka shi gaban alƙali idan rigima ta taso. A Alƙahira tsarin ya fi haka kafuwa, domin tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ don saukar mutanensu, daga baya kuma Azhar ta keɓe wa Barebari da maƙwabtansu riwaƙi, wato ɓangaren kwana da karatu mai shehinsa, inda ake raba wa ɗalibai gurasa daga wakafi, dukiyar da mai ita ya tsayar don amfanin jama'a har abada. Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari da ya tashi daga Katsina, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, kuma ya naɗa al-Jabarti wasiyyi a kan littattafansa da abin da ya bari. Mai masaukin da ya ciyar da shi yana raye shi ne ya tsaya wa haƙƙinsa bayan ransa, ba tare da wata gwamnati ta sa hannu ba.

Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ita ce ta fara samar da irin ɗalibin da baitulmali ke biya wa kuɗin jirgi. Abubakar Tafawa Balewa ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945, Aminu Kano ya bi bayansa a 1946, yayin da masu ilimin Larabci da shari'a, cikinsu har da Abubakar Mahmud Gumi, aka tura su Bakht er-Ruda ta Sudan a 1954, zaɓin da ya dace da fargabar Turawa game da siyasar Masar. Isa Kaita, wanda kwalejin horar da malamai ta Dutsin-Ma ke ɗauke da sunansa, ya yi karatu a Exeter ta Ingila kafin ya riƙe ma'aikatar ilimi ta Jihar Arewa har zuwa 1966, a daidai lokacin da gwamnatin Sardauna ke gaggawar horar da 'yan Arewa su cike gurbin ma'aikata. Ahmadu Kurfi, wanda ya zama sakataren hukumar zaɓe ta FEDECO a zaɓen 1979 kuma daga baya ya zama Maradin Katsina, yana cikin 'yan wannan yanki da suka yi jami'a a Ingila a shekarun 1950. Waɗannan ɗalibai ba su da yawa, gwamnati ta san su da suna, tana da wakili a Landan, kuma kafin dokar shige da fice da Ingila ta kafa a 1962 ɗan ƙasashen renon Ingila ba ya fuskantar shingen da ake fuskanta yanzu. Saboda haka ba a lura cewa an bar mai masauki a baya ba.

Da aka rarraba Jihar Arewa a 1967, nauyin ya koma kan jihohi, Katsina kuma ta samu hukumar tallafin karatu ta kanta bayan an cire ta daga Kaduna a 1987. Gwamnatin Ibrahim Shehu Shema, ɗan Dutsin-Ma kuma lauya, wadda ta yi mulki daga 2007 zuwa 2015, ta tura ɗalibai Sudan karatun likita, ƙasar da iyaye suka fi natsuwa da ita saboda addini da arha da kuma tsohuwar al'ummar Hausawa da Fulani da ke zaune a can, irin ta garin Mai Wurno. Buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011 ya kawo digiri kusa da gida, amma bai hana fita ba, kuma da yawa daga masu fita iyayensu ne ke sayar da hatsi ko dabba ko gona su biya, galibi ta hannun dillalin gurbin karatu wanda alhakinsa kan ƙare ranar da jirgi ya tashi.

Shekarar 2023 ce ta tone giɓin. Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, ɗaliban Nijeriya suka fita a motocin bas, waɗanda suka nufi Masar suka yi kwana da kwanaki a iyakar Argin kafin a ba su izinin wucewa, rukunin farko kuma bai sauka Abuja ba sai farkon Mayu. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kuɗin makaranta ya ninka a hannun iyaye, har ta kai Jami'ar Teesside ta Ingila ta dakatar da wasu ɗalibai 'yan Nijeriya da suka kasa biya a 2024, lamarin da ya taɓa izinin zamansu, tun da bizar ɗalibi a rataye take da rajistarsa. Su ma masu tallafin tarayya na yarjejeniyar musayar ɗalibai, da ke karatu a ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya, sun yi watanni ba alawus.

Abin takaicin shi ne doka ba ta yi shiru gaba ɗaya ba, sai dai hannunta gajere ne. Yarjejeniyar Vienna ta 1963 kan hulɗar ofisoshin jakadanci ta ba baƙon da aka kama 'yancin a sanar da ofishin ƙasarsa, jami'in ofishin kuma ya ziyarce shi ya taimaka a samo masa lauya, amma ba ta wajabta wa kowa biyan kuɗin lauyan ba. Hukumar ba da agajin shari'a ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfi, a kotunan cikin gida take aiki, hukumar 'yan Nijeriya mazauna waje kuwa, wato NIDCOM, ƙarfinta na shiga tsakani ne da tuntuɓa. Takardar tallafin jiha galibi takan ɗaure ɗalibin likita da sharaɗin dawowa ya yi wa jiha aiki, da sa hannun masu tsaya masa, alhali abin da ya fi bukata a ƙasar waje shi ne a rubuta sunan wanda zai amsa kira idan mai gidan haya ya riƙe masa fasfo ko makaranta ta hana shi sakamako. A aikace ƙungiyoyin ɗalibai ne suka gaji fatoma, su ke karo-karo su biya tara, su nemo tafinta, su je ofishin 'yan sanda, alhali su ma baƙi ne masu biza irin tasa.

Waɗanda suka dawo daga Sudan sun tarar da wata shari'ar a gida, domin takardun shaidar shekarun da suka yi suna kulle a ofisoshin jami'o'in da yaƙi ya rufe, sai da hukumar JAMB ta fitar da ƙa'idar karɓarsu a jami'o'in Nijeriya, masu karatun likita kuma gurbinsu ya dogara ga adadin da hukumar likitoci ta ƙasa ta ƙayyade wa kowace makaranta.